Bututun Hawa na Huɗu

Dogo ya sake ɗora tafin hannunsa a kan bututun, ya ɗauke, ya goge a jikin wando.

"Injiniya, wannan fa sanyi ƙalau. Kuma ma'aunin ba shi da laifi, jiya na sa sabo."

Injiniya ta gyaɗa kai. Suna tsaye ne a ɗakin ƙarƙashin benen, inda ruwan wankan gidajen sama yake gangarowa. Shekara uku ke nan da ta naɗe kowane bututun dauɗa da siririn bututun tagulla, ruwa mai tsabta yana bi ta ciki yana kwasar ɗumin kafin ya isa tukunyar dumama ruwa. A lokacin mutanen benen sun sha dariya har da riƙe ciki, wai ta gama karatu ta dawo kiwon ruwan ƙazanta. Da ruwan zafi ya daina yanke musu da safe, kowa ya ce shi dama ya san yarinyar nan akwai kai.

Bututu bakwai suna aiki. Na takwas, mai saukowa daga hawa na huɗu, kwana goma sha ɗaya bai yi ɗumi ba ko na minti guda. Gidan babanta ne. Kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar mamarta.

"Ko toshewa ya yi?" in ji Dogo, idonsa a kan sifana.

"Bai toshe ba."

Tun ranar rasuwar ba ta yi kuka ba. Mutane suna ta yaba dauriyarta, ita kuwa ta san ba dauriya ba ce. Ba ta jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Kullum da safe takan kira tsohon a waya ta ce, "Baba, ka ci abinci? Ka yi wanka?" Ya ce, "Na ci, na yi." Ta ajiye waya ta tafi aiki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da yara tsabta ne yake mata ƙarya, kuma ta san idan tsoho ya fara sakin jikinsa haka, sauran abubuwan ba sa daɗewa.

Ta miƙa wa Dogo fitilar hannunta ta hau bene.

Ta same shi a kujera, riga a goge, hula a kai, rediyo yana ta magana shi kaɗai. Turaren da ya fesa ya yi yawa, amma bai rufe abin da ke ƙarƙashi ba.

"Auta, yau babu aiki ne?"

"Daga aikin nake. Baba, yaushe rabonka da wanka?"

"Ɗazu."

"Bututunka ya ce a'a."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ashe ɗan leƙen asiri kika dasa mana a ƙarƙashin gida. Da na sani da ban biya kuɗin makarantar nan ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ta wuce banɗaki, ta tarar da daɓen a bushe ƙarau, tawul a rataye ya sandare. Ta kai hannu za ta murɗa famfo, sai ta ji takunsa a bayanta da saurin da ba ta zaci ya rage masa ba.

"Kar ki buɗe."

"Baba, jikinka zai yi gyambo."

"Na ce kar ki buɗe." Ya nuna ƙasa da haɓa. "In kika zuba ruwa zai tafi."

Ta duba. A bakin rariyar, a jikin ƙarfen tacewa, wani ɗan curin gashi ne ya nannaɗe, fari ya fi baƙi yawa. Ta gane shi, gashin mamarta ne. Ita ce take taje shi a watannin jinyar.

Ta durƙusa. Ta yi ta warware shi da farce sili-sili, a hankali don kada ya tsinke, shi kuma yana tsaye a kanta yana numfashi da ƙarfi. Da ta gama ta zaro takarda daga littafin aikinta, ta naɗe, ta miƙa masa. Ya juya ƙunshin a hannu, ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe wajen. Can sai ya zaro shi ya mayar mata.

"Riƙe min, kar ya jiƙe." Ya cire hula. "To fita mana, ko ke za ki cuɗa ni?"

Ta fita ta ja ƙofa. Can sai ruwa ya fara zuba. Ba ta kai ga kujera ba. Ta zame ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar, ta toshe baki da gefen hannu don kada ya ji kukanta ya rufe famfon.