Jar Tocilar Baba Tela

"Wannan ta cika nauyi, huda min aljihu za ta yi," in ji Baba Tela, ya ajiye tocila ta shida a kan kanta.

Mai shago ya yi murmushin dole. Shagonsa yana ƙasan benen da tsohon yake haya a hawa na uku, kuma shekara goma sha ɗaya na maƙwabtaka sun isa ya san halin kayansa. Mutumin da yake farke riga guda saboda zare ɗaya ya karkace ba zai zaɓi 'yar tocilar maƙalawa a makulli da garaje ba. Ta murɗawa, ya ce yatsunsa sun daina murɗa. Mai farin haske, ya ce tana kashe ido. Mai siffar kifi kuwa, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne.

"Baba, duk fa haske ɗaya suke bayarwa."

"Kai ka ce. Ni ba na zaɓen tumun dare. Matakalar nan ko da tsakar rana sai ka ce cikin rijiya, wata guda ke nan wayar wutarta ta ƙone, mai gida kullum gobe. Salulata kuwa a kan keken ɗinki nake manta ta. Makulli ne kawai ba ya barin jikina."

Daga ƙarshe ya tsaya a kan wata ja mai madanni babba mai laushi. Ya danna, ya haska tafin hannunsa, ya haska ƙarƙashin kanta, har da cikin kunnen mai shago. Masu sayen sabulu da ashana sun taru a bayansa suna tsaki.

"Ita ce wannan."

"Haba Baba, ta gwaji zan ba ka, wadda kowa ya jagwalgwala? Kawo."

Ya karɓe ta, ya zaro sabuwa fil daga kwali, ya zura masa ita a zoben makullansa da kansa, hankalinsa rabi yana kan mai neman sabulu. Har wani daɗi ya ji a ransa, wai ya girmama dattijo.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ihun matar hawa na biyu ya fito da shi daga shago. Sun sami Baba Tela a kwanar matakala, kansa a ƙasa, ledar maganin matarsa ta watse a gefe. Da hasken salula suka kinkimo shi. Makullan suna damƙe a hannunsa, babban yatsansa a kan jar tocilar. Mai shago ya gani da idonsa.

Kwana biyu tsohon ya yi a asibiti bai farfaɗo ba, a na uku ya cika.

Mutanen bene suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Suka zagi mai gida, mai gida ya turo mai gyaran wuta, mai gyaran wuta ya duba ya ce zai dawo. Shi dai mai shago abinci ya daina shiga masa. Tambaya ɗaya ce take cinsa: in tocilar tana hannun Baba, me ya sa ba ta kunne? Ya zazzage kwalin, ya ɗauki sabuwa ya danna. Shiru. Ya juya ta, sai ga ɗan siririn harshen leda yana leƙowa daga gindinta, irin wanda ake saƙalawa don kada batir ya zuƙe kafin a saya. Sai an zare shi take kamawa. Ya san da haka sarai, ya zare wa mutane ya fi a ƙirga. Ya zauna a kan buhun gishiri yana ƙoƙarin tuna ko ya zare wa Baba, amma abin da yake tunawa kawai fuskar mai neman sabulu.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa ya iya hawa. Ya tarar da matar marigayin zaune kusa da keken ɗinkin, an lulluɓe shi da zane, tef ɗin awo yana rataye a ƙusa.

"Mama, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, ɗan nan. Shigo. Dama ina nemanka."

Ta miƙa hannu ta ɗauko makullan daga kan taga.

"Tocilar nan ta babanku. Tun ranar da ya kawo ta ba ta kama ba. Na ce ya mayar maka, ya ce a'a, yaron nan sabuwa ya ɗauko min don girmamawa, in na mayar zai ji kunya. Wai yatsansa ne ba ƙarfi, zai saba da ita." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Ka san taurin kansa. Duba min ita, yanzu ni ce mai sauka sayen magani."

Ya karɓa da hannu biyu. Harshen ledar yana nan, ɗan mitsitsi, ko idon mai lafiya sai ya lura. Zai iya cewa batir ne ya mutu, ya sauka da ita ya kawo wata, ba mai sani har abada. Ƙaryar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna yatsan nan a kan madanni, yana ta dannawa a cikin duhu, yana ɗora wa kansa laifi.

Ya kama ledar da farce ya ja. Ya danna. Haske ya faɗa a kan zanen keken.

"Wannan ake zarewa, Mama." Ya nuna mata harshen ledar. "Ni ya kamata in zare masa. Ban zare ba."

Ta dubi hasken, ta dubi abin da ke tsakanin yatsunsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce masa "ba komai" ba, shi kuwa da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Can ta buɗe tafin hannunta.

"Ba ni shi."

Ya ɗora mata. Ta daɗe tana juya shi da ɗan yatsa, sannan ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Kashe," ta ce, "kar batirin ya ƙare."

Ya kashe, ya ajiye makullan a kan taga. Da zai sauka, salularsa tana aljihu, amma bai ciro ta ba. Ya dafa bango yana lalubar matakala da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kwanar, inda har yanzu siminti yake warin sabulun da aka wanke shi da shi.