Yaya Ya Kashe Gargaɗi

Auta ta shigo shago da safe ta tarar da teburinta wayam. Allon lantarki, ƙwaƙwalwar injin da take aiki a kai, babu shi, sai wayoyi suna reto.

"Yaya, ina allon injin Gwaggo?"

"Na kai mata jiya da yamma," in ji yayanta, mai shagon, ko ɗagowa bai yi ba. "Har ta zuba ƙwai. Aikin da kike ta jan ƙafa a kai, kafin shayina ya huce na gama shi."

Injin ƙyanƙyasar ƙwai ne, kuma duk jarin Gwaggo yana cikinsa. Marigayi babansu ne ya rubuta masa umarni da harshen inji. Da tsohon allon ya ƙone, sai ya zama dole a kwashe umarnin zuwa sabon asembila, wato manhajar da ke juya rubutu ya zama abin da inji ke ji.

A tsohon tsari, ƙwaƙwalwar injin ɗaki ɗaya ce, umarni da lambobi tare suke kwana. Don tsimin wuri, Baba yakan ajiye awon zafi a cikin layin umarnin kansa, injin ya riƙa gogewa yana sake rubutawa. Sabon tsari ya raba ɗakin biyu, ya garƙame na umarni. Duk abin da aka aika can, an yi zane a kan ruwa.

"Jan rubutun da asembila ke fitarwa fa?" in ji Auta.

"Na kashe shi. Surutu ne kawai. Ina kashewa ya wuce sumul."

"Surutu? Gargaɗi ne, Yaya! Cewa yake awon zafi ba zai taɓa canzawa ba. Injin zai ɗauka har yanzu sanyi ake, ya yi ta hura wuta!"

"Ke, ni kike ɗaga wa murya? Ni na goya ki."

"To goya ƙwan Gwaggo ma. Ka toshe bakin mai ihu, ka ce ɓarawo ya tafi!"

Irin mutanen nan ke nan. Ba jahilci ke cin su ba, ƙin jin magana ne, har ta inji.

Ta miƙa masa wayarsa. "Kira ta. Da bakinka."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar don Auta ta ji kunya.

"Ɗan albarka!" in ji Gwaggo. "Wannan gyara ya fi na babanku. A da hitar ɗumama ƙwan takan mutu ta tashi, amma tun jiya ko numfashi ba ta yi ba."

Auta ta fizge wayar. "Gwaggo, zare wutar yanzu. Ki taɓa ƙwai ɗaya."

Suka ji takun silifa, suka ji ƙarar murfi. Sai salati.

"Ya ƙona mini hannu," in ji Gwaggo. "Ba shi wayar."

Auta ta ajiye ta a gabansa.