Ɓerayen da Gilbert Ya Kawo

A daminar 1956 Edna, malamar makarantar mishan a Kafanchan, ta daɗe kwance bayan wani zazzaɓi. Ko ƙofar ɗaki ba ta iya kaiwa. Rannan mijinta Gilbert, ma'aikacin reluwe, ya shigo da keji. Wani Bature mai komawa gida ne ya bar masa 'yan ɓeraye biyu na ƙasar sanyi, masu guntun wutsiya da kumatu tuɓur-tuɓur, kowanne da irinsa.

Abinci ɗaya take ba su, wake da gyaɗa. Mai ruwan ƙasa ba ya zama, kullum cikin zagaye keji yake, mai ruwan toka kuwa sai ya dunƙule yana ƙiba.

"Maigida, wake ɗaya suke ci, ina na mai ruwan ƙasan yake tafiya?"

"Baturen ya ce jiki ne ke farfasa shi. Wani ya gina tsoka da shi, wani ya ƙone shi a guje."

Da la'asar ruwa na sauka kan kwano, barci ya ɗauke ta. A mafarki ta ga waken ya narke cikin jininta, 'yan ƙwayoyi masu haske suna gangarawa a hankali zuwa ƙafafunta, tana tafe a gonar cittar mahaifinta a Kwoi.

Da ta farka, ta ce a dafa mata wake. Washegari ta dafa bango, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana kallon hayaƙin jirgin Jos.