Jiniyar Ƙarfe Sha Ɗaya

A gidanmu na Fagge babu wanda ya mallaki agogo, kuma ba mu taɓa jin rashinsa ba, domin mahaifina ne agogon unguwa. Sunansa Kyari, Babarbare ne da aka zo da shi Kano yana goye. A injin matsar gyaɗa na kusa da layin dogo yake aiki. Shekara bakwai ya yi yana dakon buhu kafin a ɗaga shi zuwa ɗakin tukunyar tururi, a damƙa masa igiyar jiniya. Ƙarfe bakwai ya ja, leburori su shiga. Sha biyu ya ja, su fito cin abinci. Biyar ya ja, kowa ya kama gabansa. Matan Fagge da na Sabon Gari da jiniyarsa suke ɗora tukunya, da ita suke saukewa.

Mai gadin ƙofar injin kuwa surukinsa ne, kakana Mala. Baba bai taɓa haɗa ido da shi ba. Kullum da safe sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ko da leburori ɗari na turereniya a bayansa suna tsaki.

Ranar da nake ba ku labari wata Talata ce a 1954, Innata Yagana ta tashi da naƙuda. Sau uku kafin nan tana haihuwa ba rai, na ukun ma har an fara yi mata salati. Baba ya so ya zauna a gida, kakata Hajja Gumsu ta kore shi.

"Zaman me za ka yi mana? Ungozoma ce kai? Ku tafi aikinku, kai da tsohon nan. In an sauka lafiya, uwa da ɗa, zan shanya jan zanena a kan soro. In ba ka ga komai ba, ka yi ta addu'a."

Daga tagar ɗakin tururi ana hango soron gidanmu. Baba ya zuba gawayi a wuta ya leƙa, ya goge zufa ya leƙa, har wuyansa ya ƙage. Agogon bango na buga sha ɗaya sai ga jan zane yana kaɗawa. Mutumin nan da ko dariya sai ya juya baya yake yi, bai san lokacin da ya cafki igiya ya rataya a jikinta ba. Ba ja ɗaya ba, ba biyu ba, sai da tururi ya kusa ƙarewa!

Kai, ranar an ga abu! Leburori suka watsar da buhuna suka yi ƙofa. Kaka Mala ya ji jiniya, ya wangale musu kamar kullum. Nkechi mai abinci ta sheƙo daga Sabon Gari da tukunya a ka, shinkafarta ko tsotse ruwa ba ta yi ba, tana faɗa da Ibonci tana ƙarasawa da Hausa. Wani ladani ya tashi zai yi alwala, ya dubi inuwa, ya koma ya zauna yana ta'awizi. Injuna kuwa suna ta juyi babu mai kula da su, man gyaɗa ya cika mazubi ya malale a ƙasa, har manaja Bature ya zame a ciki ya zauna daɓas da farin gajeren wandonsa.

Ba a jima ba aka kira mutum biyu ofis, wanda ya ja igiya da wanda ya buɗe ƙofa. Chukwuma akawu ne tafinta, kuma mutumin Baba ne, tare suke cin goro.

"Kyari, manaja ya ce ka faɗi dalili," in ji Chukwuma. Ya rage murya ya ƙara nasa. "Faɗi kowane iri, abokina. Ka ce igiya ta maƙale, ka ce jiri ya ɗebe ka. Ni zan gyara masa da Turanci."

Baba ba ya ƙarya, wannan kowa ya sani. Gaskiyar kuma ba ta faɗuwa. Yaya mutum zai buɗe baki a gaban uban matarsa ya ce matata ta haihu, murna ce ta kama ni? Gara ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmin Bature da ke ɗigar mai.

Kaka Mala na tsaye a gefe riƙe da sandarsa. Daga ƙofa ba a hango soro, don haka bai san komai ba. Ya yi zargin abin, amma ya ji tsoron sa rai, kuma shi ma ba zai tambayi suruki labarin haihuwar 'yarsa ba. Manya biyu da gemu, kowa na jin kunyar kowa, aiki na shirin tafiya. In na tuna har yau haushi da dariya ke kama ni lokaci guda.

Bature ya buga tebur. Chukwuma ya ce, "Ya ce in ya ƙirga uku ba ka yi magana ba, ka ajiye aiki. Don Allah, Kyari!"

Baba ya juya ya fuskanci bango, kamar da bangon yake magana. "Akawu, ka ce masa an shanya jan zane."

"Jan zane? Wane irin zane? Yaya zan faɗa wa Bature wannan?"

Sandar Kaka ta faɗi. "Ja?" ya tambayi bangon shi ma. "An tabbata ja ne?"

"Ja ne wur," Baba ya amsa wa bangon.

Tsoho ya ce, "Alhamdu lillahi! Yagana ta tsira!" Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Bai nemi izini ba, bai ɗauki sanda ba, ya tattare riga ya fice da gudu, mutumin da ke kukan gwiwa shekara goma. Bature na tambayar ina za shi, Chukwuma na ɗaga kafaɗa, sai jiniya ta sake ɗaukar kuka, ta fi ta farko tsawo. Ashe Kaka ne ya hau ɗakin tururi ya rataya a igiya. Leburorin da aka samu aka tattaro da ƙyar suka sake yin waje da ihu.

Su biyun aka sallama kafin azahar. Chukwuma ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, Bature ya ce a'a. Suka taho gida, Kaka a gaba, Baba a baya da taku goma. Kaka ya shiga ya ɗauke ni, ni ce jaririyar, yana juyi yana cewa ya yi sabuwar amarya. Baba ya tsaya a zaure, ko leƙowa bai yi ba sai da dare ya yi.

Kaka ya koma ɗinkin hula a ƙofar gida. Baba ya koma dakon buhu a dalar gyaɗa, ya yi shekara goma sha ɗaya a kai har bayansa ya ranƙwafa. Da wannan bayan aka ciyar da ni. Na girma na tambaye shi ko ya yi nadama, ya ce in tashi in kawo masa ruwa.