Ƙofar da Mai Gilas Ya Ƙi Mayarwa

Kun gani. Kada wanda ya ce bai gani ba, domin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Talata tashar bas ɗin nan ta bakin mahaɗa cike take maƙil, kuma ba makafi ne suka cika ta ba. Kun ga wata mota mai ruwan ƙwai, gajera kamar an danne ta da tafin hannu, ta gaji da bin layi ta zarto ta gefen titi, inda masu shara ke aiki. Kun ga madubinta ya ɗauki ƙugun wata mata mai shebur a kafaɗa ya juya ta, kun ji ƙotar shebur ɗin ta daki gilashin ƙofa ya tarwatse. Motar ba ta ko taka burki ba. Ku kuma kuka duba agogo, bas ya zo, kuka shige. Abokiyar aikinta da ke can ƙarshen layi ce ta rugo ta ɗora ta a baron shara. Da aka zo tambaya, mutum ya fi arba'in, amma babu mai ido ko ɗaya.

Matar nan tana da ƙane. Ita ta raine shi tun da uwarsu ta rasu, har gobe Auta take kiransa duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu. A gareji kuwa Mai Gilas ake ce masa. Kwana biyu ya yi a zaune gefen gadonta yana kallon ƙarfen da aka rataye ƙafarta da shi. Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye gida uku, kuma ko ta tashi, ita da tura baro har abada.

"Yaya, ki tuna. Wace irin mota ce?"

"Auta, ni ƙara kawai na ji. Kamar an tsaga sama. Sai na gan ni ina kallon ƙafafun mutane."

Ranar Alhamis ya koma aiki, don zaman asibiti ba ya haɗa ƙashi. Bai gama sa rigar aiki ba aka shigo da motar, an manne tagar direba da leda. Mai ita ya fito, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Bayansa wata ƙaramar motar kaya ta sauke akwatin katako, sabon gilashi a ciki, an yi odarsa ta jirgi.

Mai garejin ya fito da saurinsa yana gyara wuyan riga. "Yallaɓai, sannu da zuwa! Subhanallahi, me ya same ta?"

"Ɓarayi," in ji saurayin, idonsa a kan waya. "Ina so in ɗauke ta ƙarfe huɗu."

Ba don son Mai Gilas aka kawo motar nan ba. Ƙofar irin waɗannan motoci ba ta da firam a sama. Gilashin tsirara yake tsaye, idan an ja hannun ƙofa sai ya ɗan sauka da kansa, idan an rufe ya hau ya shige cikin robar rufi. Kuskuren faɗin ƙwayar ashana ya isa iska ta riƙa busa maka usur a kunne, ko gilashin ya fashe ranar farko. Duk garin mutum ɗaya ne ya iya saita shi.

Kuma mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ke ba abokan aikinsa haushi. Ba ya taɓa sa sabon gilashi sai ya kwashe tsohon kaf. Gilashin ƙofa idan ya fashe ba ya tsagewa, rugurguzewa yake yi kamar tsakuwa, kuma fiye da rabinsa ba waje yake zuba ba, cikin ƙofar yake faɗawa ta tsagar da yake hawa da sauka. Yawancin masu sana'ar sai su zuƙe na sama su rufe. Shi kuwa sai ya kwance marfin ciki, ya ɗaye ledar da ke bayansa, ya zura hannu har gwiwa yana tsinta da ɗai-ɗai.

"An fara tsintar shinkafa," in ji Dogo, bakaniken burki, yana wucewa da jak a kafaɗa. "Ka ajiye mini nawa kason."

"Kai da ko haƙoran kirki ba ka da su, da me za ka tauna?"

Motar an wanke ta tas. An zuƙe kujeru, an goge darduma, an canza madubin gefe da sabo, ko ɗigon gilashi babu a inda ido ke kaiwa. Duk wanda ya sa aka yi wannan wankin ya biya masu wankin mota da kyau, amma bai taɓa riƙe sukurudireba ba, bai san ƙofa tana da ciki ba.

Can ƙasa, kusa da ramin da ruwa ke fita, yatsun Mai Gilas suka taɓa wani abu da ba gilashi ba. Ya haska tocila. Ɗan guntun alminiyom ne, tsawon yatsa, a lanƙwashe, da kan ƙusa uku a jiki, da ɓarin itace maƙale a bayansa.

Ya matso da tocilar ya ƙura masa ido.

Ƙusoshin ba a jere suke ba, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Haka yake bugawa tun yana koyo. Bakin guntun an goge shi da zarto ya yi sumul, don kada ya yanki tafin hannun mai riƙewa. Watan jiya Yaya ta kawo masa shebur ɗinta ƙotar ta tsage, ta ce an ce ba za a ba ta sabo ba sai ƙarshen shekara. Shi ya yanko alminiyom ɗin daga tsohon adon wata mota, shi ya naɗe ƙotar da shi, a kan wannan teburin da ke bayansa.

Bai ciro guntun ba. Ya miƙe, ya zagaya ya duba sabon madubin, ya shafa gefen ƙofar inda aka goge wata doguwar ƙujewa da man fenti. Sai ya nufi wajen Dogo.

"Ara mini sifana lamba goma."

"Mai gilashi da lamba goma? Yaushe ka koma..." Dogo ya ɗago ya ga fuskarsa, sai ya haɗiye sauran. "Lafiya?"

"Ita ce."

"Wace ita?"

"Wadda ta buge Yaya. Zo ka gani."

Dogo ya zo ya leƙa, ya saurari bayanin, ya tofar da tsinken da ke bakinsa. Mai Gilas ya nuna tayar gaba da haɓa.

"Bututun man burki. Rabin juyi kawai. Ba zai zuba yau ba, sai ya hau babban titi ya buɗe mata wuta. Kai ka koya mini."

"Na koya maka don ka gane in an yi, ba don ka yi ba."

"Ba ni sifanar, Dogo."

"Wallahi in da shi kaɗai zai ci bango, da hannuna zan juya, in je gida in ci abinci har da ƙari. Amma wannan yaron kan wa yake tuƙi? Ranar da burkin zai ƙi, wa ke tsaye a gefen titi? Wata mai sharar ce. Kana da gado biyu a asibiti?"

Mai Gilas ya juya ga motar. Ya so ya ga motar nan ta naɗe kamar gwangwanin da aka taka. Ya so ya ga saurayin a ƙasa yana kallon ƙafafun mutane suna wucewa. Ya tsaya yana kallon ƙofar da ke buɗe, cikinta a waje.

"To ba ni lamba goma sha uku," ya ce. "Ka zo ka riƙe mini."

Noti huɗu ne da soket ɗin waya ɗaya. Cikin minti goma ƙofar ta rabu da motar. Suka naɗe ta da bargo, suka ɗora a motar kayan Dogo, suka biya ta ma'ajiyar masu shara suka karɓi karyayyen shebur a hannun abokiyar aikin Yaya, suka wuce ofishin 'yan sanda.

Sajan ɗin da ke kan tebur mace ce mai gajiyayyun idanu. Ta sa safar hannu ta ciro guntun da kanta, ta kara shi a jikin ƙotar. Ramukan ƙusa uku suka zauna daram.

"Aikinka yana da kyau," ta ce. "Amma ka saurare ni. Wannan ya nuna shebur ya haɗu da ƙofa. Bai nuna waye a kan sitiyari ba. Gobe lauyansa zai ce direban gidansu ne, a kawo mini wani talaka ya amsa. Ko ya ce motar a tsaye take, yayarka ce ta zo ta dake ta."

"Da ƙugunta?"

"Na ji abin da ya fi wannan a wannan kujerar. Ina son mutum ɗaya da ya ga motar tana gudu, ya ga fuskar mai tuƙi. Tagar ta fashe, fuskarsa a fili ta wuce tashar. Mutum ɗaya. Fayil ɗin yana hannuna zuwa Litinin. Bayan nan sama zai tafi, kuma abin da ya tafi sama ba na sake ganinsa."

Ƙarfe huɗu saura kaɗan suka dawo gareji. Motar tana nan da rami a gefenta, kujerar fata a waje kowa na kallo. Mai garejin yana zagaya ta hannu biyu a ka. Saurayin yana tsaye, a karon farko wayar tana aljihu.

"Kai ne? Ina ƙofata?"

"Ta ji rauni, yallaɓai. An kwantar da ita."

Wani daga cikin masu fenti ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Kana hauka ne? Ka san kuɗin ƙofar nan?"

"Ban sani ba. Kai ka san nauyin matar da ka watsar ranar Talata? Ni na sani, ni nake ɗaga ta in za a canza zanen gado."

Fuskar saurayin ta canza, ta ɗan lokaci kaɗan, amma duk wanda ke garejin ya gani. Sai ya gyara tsayuwa.

"Ban san me kake faɗa ba. Ɓarayi ne suka fasa mini gilashi."

"Ɓarayin da shebur suke yawo? Ka wanke kujera, ka canza madubi, ka shafa mai. Ka yi ƙoƙari. Amma gilashinka ciki ya zuba, kuma duk garin nan ka rasa wanda za ka kawo wa sai ƙanenta."

"Za ka kwana a kulle. Sata ce wannan. Kai kuma," ya juya ga mai garejin, "ka manta da motocin gidanmu."

Mai garejin ya kusa durƙusawa. "Yallaɓai, a yi haƙuri, yanzu za a dawo da ita. Mai Gilas, don girman Allah, ka je ka karɓo. Abin da ya faru ya riga ya faru. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ba ta da lambar mota, maigida. Wannan tana da ita."

"To tattara kayanka."

Ya tattara. Kafin ya fita ya ɗauki bokitin da ya tara tsakuwar gilashin a ciki, ya zo gaban saurayin, ya zazzage shi a hankali a kan farin takalminsa.

"Naka ne. Ni ba na riƙe kayan mutane."

Da yamma ya gaya wa Yaya komai. Ta saurara ido a rufe, har ya zaci barci ta yi.

"Auta, ƙofar mutane ka cire?"

"Na cire."

"Gaba ɗayanta?"

"Har da hannun."

Ta fara dariya, ciwon ya katse ta, ta damƙe ƙarfen gado har ya lafa. "Tun kana yaro ba ka iya ɗaukar abu kaɗan ba. Yanzu aikin naka fa?"

"Ya tafi."

"Shi kuma yaron?"

"Yana gida."

Ta juya fuska ga bango. "To ka ga ni. Wa zai bar aikinsa ya je ya tsaya don mai shara? Shekara goma sha tara ina share gaban tashar nan, ko sannu sai wanda tsintsiyata ta taɓa wa takalmi, shi ma ba sannu yake cewa ba."

Amsar wannan ba a hannunsa take ba.

Yau Asabar. Saurayin ya shigar da ƙarar sata, ya kuma ɗauko lauyoyi biyu. An ce akwai wani tsohon direba a gidansu da aka fara kira ɗaki ana yi masa magana a hankali. Ƙofar tana jingine a bangon ofishin sajan, Mai Gilas kuma tun asuba yake tsaye a tashar yana tare mutane ɗaya bayan ɗaya, suna zare hannunsu suna cewa sun makara.

Ke mai koriyar jaka da kika ja ɗiyarki baya lokacin da gilashin ya watso. Kai mai sayar da jarida da ka bi motar da kallo har ta sha kwana. Kai direban bas da ka yi hon don a matsar maka da baron. Ku da kuka je wurin aiki kuka ba da labarin kuna kurɓar shayi, har da kwatanta gashin yaron da agogon hannunsa. Ba a nemi ku biya asibiti ba, ba a nemi ku yi faɗa da kowa ba. Ofishin yana buɗewa ƙarfe takwas, sajan ɗin tana tebur na biyu daga ƙofa, kuma Litinin jibi ce. Ɗayanku ya tashi ya je ya faɗi fuskar da ya gani.