Ƙunshin Gishiri

"Gishiri? Gishiri kika ƙunshe da su?" Malam ya zazzage kwalin a tsakar ɗaki. Takardu goma sha biyu kacal suka faɗo.

"To da me zan ƙunsa, da zanina?" in ji matarsa. "Wata huɗu suna ƙarƙashin gado, ɓera na ci. Na ɗauka tsofaffin takardun 'yan ajinka ne."

Ina fa! Malam ne ya rubuta su, aka buga a ɓoye, kira ga jama'a su daina yi wa 'yan mulkin mallaka aiki har sai sun tattara sun bar ƙasar. Da aka kawo masa ɗari biyar, sai ya cusa su ƙarƙashin gado don tsoro. Jarumin alƙalami ke nan. Ita kuwa baiwar Allah ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Cikin sati uku ta shigar da su kusan kowane gida. Yau da safe direbobi suka ajiye motoci, 'yan dako suka zauna.

"Sojoji na bin kasuwa rumfa-rumfa da takardar a hannu," in ji Malam. "Duk kasuwar nan ke kaɗai ke naɗa ƙunshi kamar ƙaho, ki murɗe bakinsa sau biyu. Lanƙwasar tana nan a jikin takardar! Wanda ya buga min su, tun da aka tafi da shi ko takalminsa ba a gani ba. Ni ne na gaba. Miƙo ashana."

Ta take takardun da ƙafa. "Karanta min tukuna. In ji abin da zai kashe mu."

Ya ɗauki ɗaya, ya karanta. "Mu ke haƙa ramin, su ke kwashe arzikin, mu ke binne 'ya'yanmu."

Ta ɗage ƙafarta daga kan takardun. A ramin haƙar ma'adinan mutanen nan ɗansu na fari ya rasu, ko gawarsa ba a ba su ba.

"Kai ka rubuta wannan, Malam? Ka kuma kwanta a kai wata huɗu kana minshari?"

Ta tsugunna, ta tattara takardun, ta jera su a kan tirenta.

"Ke! Don Allah, ina za ki?"

"Kasuwa. Saura gida goma sha biyu ba su sayi gishiri ba. Kai kuwa shiga ƙarƙashin gadon, ai na share maka wuri."

Ta fita, ta bugo ƙofa har sakata ta faɗi.