Ja a Dama, Shuɗi a Hagu

Sunana Tsonyo, amma kowa a ƙauyenmu Bai Tsonyo yake ce mini, wato kamar a ce Dattijo Tsonyo. Shekarata tamanin da shida, haƙorana goma sha ɗaya suna nan daram, kuma hunturu biyu kawai na yi a aji. Na yi shekara uku a sansanin aikin tilas a bakin kogin Danube, na fito da ƙafata. Ramin kwal ya rufta da mu mu bakwai, ni kaɗai aka zaƙulo ina zagi. Wani likita ya taɓa ba ni wata shida, ni na ɗauki akwatin gawarsa. Na faɗi wannan ne don a san ba ƙaramin mutum ne ya aikata abin da zan ba da labari ba.

Jikata Zornitsa tana aiki a wani ƙaramin kamfanin man shafawa a birnin Plovdiv. Shekara uku ta yi tana haɗa wani sinadari da suke kira feftayid. Ba tsiro ba ne, ba kitsen dabba ba, a kwalabe ake ƙirarsa. Ta ce idan ya shiga fata sai ya sa naman gefen ido ya saki, tamoji ya ragu. Na ce mata ni giyar inabi da iskar dutse suka riƙe mini fuska. Ta ce ai shi ya sa fuskar ta zama kamar gonar da aka yi wa huɗa a buge.

Mai kamfanin ya ba ta dama ɗaya: ta gwada a kan mutane wata biyu, in ya yi aiki a ci gaba, in bai yi ba a rufe maganar, ita kuma a mayar da ita sashen sabulu. Sai ta zo gida ta roƙi matan da ke waƙa a cocinmu, su goma sha biyu, har da matata Stoyna da wata tsohuwa da muke ce wa Baba Kera. Kowace za ta karɓi kwalba biyu. Mai jan murfi a shafa a dama, mai shuɗi a hagu. Ɗaya akwai sinadarin, ɗaya mai ne zalla, kuma ko ita Zornitsa ba ta san wanne ne wanne ba, an rufe amsar a ambulan a ofis. Ta ɗauki hoton gefen idon kowace da wata kyamara, ta bar mini kwalin in raba ranar Lahadi bayan coci, don motar da za ta mayar da ita birni ta Asabar da yamma ce.

"Kaka, kai kaɗai na yarda da kai," in ji ta. "Kar ka bari Baba Kera ta zaɓi launi."

Ranar Lahadi da hantsi na zauna ni da kwalin a kicin, mata duk suna coci. Na yi ta juya abin a raina. Wato rabin fuskar kowace mace za a cuta. Stoyna ta yi shekara sittin tana kallona da fuska ɗaya, yanzu a ce gefe ɗaya ya koma yarinya, ɗayan ya tsaya tsohuwa? A sansani ni ke riƙe da ludayi. Na san in ba a juya tukunya daga ƙasa ba, na gaba ya sha ruwa, na baya ya ci wake, kuma a layina ba wanda ya taɓa mutuwa saboda rabon banza. Na ce wa kaina yaran boko sun san lissafi amma ba su san adalci ba.

Na ɗauko tukunyar da Stoyna ke haɗa kindirmo a ciki, na wanke ta tas. Na juye kwalba ashirin da huɗu a ciki, na gauraya da cokalin katako har hannuna ya gaji, na mayar, na goge bakin kowace. Ko mai kamfanin ba zai gane ba. Na raba ina jin kaina kamar alƙali.

Wata biyun nan Zornitsa ba ta fasa zuwa ko Asabar ɗaya ba. Stoyna ta gasa mata banitsa, gurasarmu mai cuku, matan su cika mana tsakar gida, Kera tana rantsuwa cewa hagunta ya fi, Tota matar mai kaɗa ƙararrawar coci tana cewa ai Kera tun tana budurwa ba ta san hagu da dama ba. Ni ina gefe ina murmushi.

Asabar ta ƙarshe ta sauko daga mota ba jaka, ba kyamara. Ta zauna a kan dakalin ƙofa, ta ce an buɗe ambulan, an auna hotuna, dama da hagu duk ɗaya. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi wataƙila tun farko ba ta da kan wannan aikin, ta ɓata wa mutane shekara uku. Ta tambaye ni yadda na yi na jure a ramin kwal.

Kwana biyu na yi a ƙarƙashin ƙasa ban ji abin da na ji a kan dakalin nan ba. Na fara ba ta labarin ramin kamar yadda na saba, na kai tsakiya, bakina ya ƙi.

"Zori, ni na gauraya su," na ce. "Duka. A tukunyar kindirmo."

Ta juyo ta kalle ni. Sannan ta tambaya da wane cokali, kamar amsar za ta canza wani abu. Na faɗa mata. Ta ce sinadarin da ke hannunta ke nan gaba ɗaya, sake haɗa shi wata huɗu ne, kuma in ta je ta ce kakanta ne ya yi, mai kamfanin zai ɗauka uzuri ta ƙirƙiro.

Ranar Litinin na sa kwat ɗina na jana'iza na bi ta har Plovdiv. Na tsaya gaban mai kamfanin, mutumin da na girme wa ubansa, hulata a hannu, na faɗi komai, har cokalin. Sakatariyarsa ta fita da sauri tana toshe baki. Shi bai yi dariya ba. Ya ce zai ba ta wata shida, amma da matan birni za a yi, a ɗakin gwajinsu, kwalba ba za ta ƙara fita daga ginin ba.

Yanzu ranar Asabar take auna su, don haka ba ta zuwa. Takan kira kakarta a waya ranar Lahadi, su daɗe. Wani lokaci ta ce a gaishe ni. Ina tsaye kusa da Stoyna har su gama, ko za ta ce a ba ni, amma ban taɓa miƙa hannu ba.